An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wane Laifi Harshen Uwa Ya Yi wa Karatun Yaranmu?

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi na Nijeriya, Dokta Tunji Alausa, ya tsaya a wani taro kan harshe da ilimi a Abuja ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa. Daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa, tun daga ajin share fage har jami'a. Hujjar da ya kawo ita ce sakamakon WAEC da NECO da JAMB ya nuna yara sun fi faɗuwa a shiyyoyin da suka fi riƙe harshen gida a aji.

Wannan magana ta dame ni, kuma har yau ba ta daina damuna ba. Matsayina shi ne an yanke hukunci a kan wanda bai aikata laifin ba. Abin da bincike ya tara cikin shekaru 50, daga Ile-Ife har Afirka ta Kudu, ya nuna yaro ya fi saurin iya karatu da harshen da yake ji, kuma wannan iyawar ce take zame masa tsanin hawa Turanci. Wanda zai biya kuɗin wannan sokewa kuwa ɗan talaka ne na ƙauye, domin ɗan mai hali yana da wata ƙofar shiga Turanci ko da makaranta ba ta buɗe masa ba.

Zan kuma faɗi inda masu goyon bayan harshen uwa suke wuce gona da iri, domin su ma suna yi.

Lissafin shekarun bai hau ba

An amince da tsarin da aka soke ne a ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista. Tsarin ya ce a koyar da harshen uwa shekaru 6 na firamare. Tun ranar da aka sanar da shi ministan ya amsa cewa aiwatarwa sai an samar da littattafai da ƙwararrun malamai.

To a ƙirga. Yaron da ya shiga aji ɗaya a Satumban 2023, wato rukunin farko da tsarin zai iya taɓawa tun daga tushe, ba zai zauna jarrabawar WAEC ba sai 2035. Waɗanda suka rubuta ta a 2025 sun shiga firamare ne wajen 2013, suka gama a 2019. Ta yaya tsarin da aka haifa bayan sun bar firamare da shekara 3 zai kayar da su?

Wani zai ce ai minista na nufin tsohon tsari ne, na Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fara fitarwa a 1977, wanda ya ce a koyar da harshen uwa ko na yankin a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci daga aji huɗu. To, a shiga aji a ga ko an taɓa yin hakan.

Ga abin da za a tarar a galibin makarantun gwamnati na Arewa. Allo ɗauke da jimlar Turanci da malam ya kwafo daga littafinsa, wanda sau da yawa shi kaɗai ne littafi a ajin. Malam ya nuna da bulala ya karanta, yara 80 ko 100 su amsa da murya ɗaya har rufin kwano ya ɗauka. A maimaita sau biyar. Sai malam ya juya ya ce da Hausa, "Wato yana nufin wannan ƙwallo ce. Kun gane?" Su ce, "E!" Sai a ce su kwafa. A kira yarinya guda daga layin baya, a rufe sauran jimlar da hannu, a nuna mata kalma ɗaya a ce ta karanta. Za ta fara rero jimlar daga farko, domin waƙar ta haddace, harafin bai ce mata komai ba. A duba littafinta: ta zana kalmomin yadda ake zana tsuntsu, babu tazara tsakaninsu.

Littafi na Turanci, allo na Turanci, jarrabawar ƙarshen zango ta Turanci. Hausar da ke ajin ita ce ta bakin malam, wadda yake cusawa don kada darasin ya mutu gaba ɗaya. Wannan yarinya ba a koya mata karanta Hausa ba, ba a kuma koya mata jin Turanci ba. Kiran wannan hali "koyarwa da harshen uwa" zalunci ne ga kalmar.

Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, ya gano kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yara masu shekara 7 zuwa 14 suke iya karanta ɗan gajeren labari su amsa tambayoyi a kansa. Abin ya fi muni a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, da kuma gidajen da suka fi talauci. Waɗannan shiyyoyi su ne kuma suka fi cunkoson aji, suka fi ƙarancin ƙwararrun malamai, suka fi fama da rufe makarantu saboda rashin tsaro, suka fi yawan iyayen da ba su yi boko ba. Duk wanda ya tsallake waɗannan ya ɗora laifi kan harshe kaɗai, bai yi wa alƙaluma adalci ba.

Me ya sa harshen da yaro ke ji ya fi sauƙin koyon karatu

Karatu aiki biyu ne a haɗe. Na farko, ido ya ga harafi, baki ya fitar da sautinsa, a haɗa sautuka su zama kalma. Na biyu, kalmar da ta fito ta faɗa kan wata ma'ana da take zaune a kan yaro. Idan yaro Bahaushe ya haɗa "ra" da "go" ya ji bakinsa ya ce "rago", nan take fuskarsa takan washe, domin ya san rago, ya taɓa jan igiyarsa. Wannan washewar fuska ita ce take gaya masa ya yi daidai, ita ce kuma take sa shi son gwada ta gaba. Idan kuwa ya yi ta fama ya fitar da kalmar Turanci da bai taɓa ji ba, babu abin da zai shaida masa ya dace ko ya kuskure. Sai ya jira malam ya faɗa ya maimaita.

Sannan rubutun Hausa na boko yana da wata falala da ba mu cika lura da ita ba. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake da shi. "C" ɗin da ke "cokali" shi ne na "ciki" da "cuku". Gaɓoɓin ma gajeru ne, baƙi da wasali, wani lokaci da baƙi a ƙarshe. Turanci kuwa yana rubuta sautuka kusan 44 da haruffa 26, harafi ɗaya ya yi sauti uku ko huɗu. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003, wanda ya kwatanta yaran ƙasashen Turai sama da 10, ya nuna yaran Finlan da Italiya da Sifen, masu rubutu miƙaƙƙe irin namu, sukan iya karanta kalmomi kusan ba kuskure kafin ƙarshen shekarar farko. Yaran da Turanci ne harshen gidansu sai da suka ninka wannan lokaci fiye da sau biyu. Wato ɗan Bature da aka goya da Turanci ma yana shan wuya da rubutun harshensa. Shi muka zaɓa ya zama ƙofar farko ga yaron Ɗanja ko Gwaram da bai taɓa jin sa a tsakar gida ba.

Rubutun Hausa yana da nasa ramin, kuma malami ya kamata ya sani. Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, don haka "gari" na birni da "gari" na tuwo kamanninsu ɗaya a takarda. Yaro yana rarrabe su ne da ma'anar jimla, wanda hakan ma wata hujja ce cewa mai jin harshen ne ya fi sauƙin karanta shi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Yaron da ya gane cewa rubutu magana ce da aka zana, ana binta daga hagu zuwa dama, ana tsayawa a aya, ba zai sake koyon wannan ba idan ya zo Turanci. Haruffan ma galibi su ne dai. Abin da ya rage masa kalmomi ne da ƙa'idojin sabon harshe.

"Ai da Turanci ake jarrabawa, da shi ake samun aiki"

Gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina wannan damuwa ta iyaye bai san halin da ake ciki ba. Babu mai cewa a bar Turanci. Tambayar ita ce wace hanya ce ta fi kai yaro gare shi.

A Nijeriyar nan ma an ba da amsa tun da daɗewa. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwaji a wata firamare a Modakeke. Wani rukunin yara aka koya musu lissafi da kimiyya da sauran darussa da Yarabanci tsawon shekara 6, Turanci kuma darasi ne mai zaman kansa a hannun malamin da ya ƙware a kansa. Wani rukunin ya bi tsarin da aka saba, a koma Turanci a tsakiyar firamare. Yaran Yarabanci ba su kasa a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi daidai da takwarorinsu ko sun wuce su. Fafunwa ya zama Ministan Ilimi daga 1990 zuwa 1992, amma sakamakon gwajinsa bai taɓa zama aikin yau da kullum na makarantun ƙasar ba.

Sabon bincike ya ƙara ƙarfafa wannan. A Afirka ta Kudu, Stephen Taylor da Marisa von Fintel sun wallafa nazari a 2016 da suka yi da bayanan dubban makarantu. Dabararsu ita ce kwatanta yaran makaranta ɗaya, rukunin da ya zo lokacin ana koyarwa da harshen gida da rukunin da ya zo bayan makarantar ta sauya zuwa Turanci, ko akasin haka. Ta haka ba za a ce bambancin na unguwa ne ko na arzikin iyaye ba. Suka tarar yaran da aka koyar da harshensu a aji 1 zuwa 3 sun fi iya Turanci a aji 4 zuwa 6. A sake karanta wannan: Turancin ne suka fi iyawa.

A Habasha, inda tsarin 1994 ya bar wa jihohi zaɓi, nazarin da Kathleen Heugh ta jagoranta ya nuna jihohin da suka riƙe harshen gida har shekara 8 sun fi samun sakamako mai kyau a gwajin ƙasa na aji 8 fiye da waɗanda suka yi gaggawar komawa Turanci. A gwajin PASEC na 2014 kuwa, wanda ya auna 'yan firamare a ƙasashen Afirka 10 masu amfani da Faransanci, Burundi ce ta yi zarra a farkon firamare, ƙasar da take cikin mafi talauci a jerin amma yaranta suke fara karatu da Kirundi.

Inda masu goyon baya suke wuce gona da iri

Sauya harshe kaɗai ba ya warkar da makarantar da ba ta aiki. A Kamaru, a yankin masu harshen Kom, an fara gwaji a 2007 a makarantu 12 da ake koyarwa da Kom har aji 3, aka kwatanta da wasu 12 na Turanci zalla. A shekarun farko yaran Kom sun yi wa sauran fintinkau. Amma da aka mayar da su Turanci a aji 4, tazarar ta yi ta raguwa, har zuwa aji 5 kaɗan ne ya rage. A Kenya ma wani gwaji da Benjamin Piper da abokansa suka auna ya nuna yara sun ƙaru a karanta harshensu, amma ba a ga ƙari a Turancinsu ko Kiswahilinsu ba.

Darasin Kamaru shi ne shekara 3 ta yi kaɗan. Dalilin a fili yake idan aka ƙirga kalmomi. Carol Macdonald ta yi wannan ƙirga a Afirka ta Kudu, ta wallafa a 1990. Yara masu harshen Setswana sun isa shekarar komawa Turanci da kalmomi kamar 800, alhali littattafan ajin da za su shiga suna buƙatar kusan 5,000. Masu nazarin koyon harshe kuma sun nuna mai karatu yana buƙatar sanin kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi shi kaɗai. Saboda haka manazarta ilimi a Afirka suke cewa yaro na buƙatar shekara 6 zuwa 8 yana koyon baƙon harshe a matsayin darasi, a hannun malami mai iyawa, kafin a ɗora masa kimiyya da lissafi da shi. Aji huɗu rami ne da yara da yawa suke faɗawa ba su sake fitowa ba, kuma sabon hukuncin ya matso da ramin ne zuwa ranar farko ta aji ɗaya.

"Harsunanmu sun fi 500, da wanne za a koyar?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma mu Hausawa ya kamata mu fi kowa yin hattara da ita. Yaron Batangale a Kaltungo ko Babur a Biu ko Bafulatanin ruga da bai ji Hausa sosai ba, idan aka koyar da shi da Hausa ba tare da an duba ba, an yi masa abin da muke kuka an yi wa namu. A Jos ko Jalingo ko Sabon Garin Kano, aji ɗaya na iya ɗaukar harsuna biyar.

Amma wahalar wasu wurare ba ta zama dalilin hana kowa ba. A Daura da Gumel da Kazaure da Gusau da ɗaruruwan ƙauyukan da ke kewaye da su, ba a tambayar da wane harshe yara suke wasa a lokacin tara. Aikin da ya kamata a yi mai sauƙi ne: a bi makaranta makaranta a rubuta harshen da yaran aji ɗaya suke ji ranar da suka shigo. Inda harshe ɗaya ya rinjaya a koyar da shi. Inda aka cakuɗa amma yara duka suna jin harshen kasuwa, a yi da shi bayan an shawarci iyaye. Inda babu wanda ya haɗa su, a nan ne Turanci tun farko yake da hujja, tare da ba da lokaci mai yawa ga magana kafin rubutu.

"Babu malamai, babu littattafai"

Malaman da ake cewa ba za su iya koyarwa da Hausa ba, su ne dai za a ce su koyar da Turanci. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta gardama kan yadda aka shirya jarrabawar, amma ba wanda ya musanta cewa akwai rauni. Malamin da Turancinsa ke rawa, idan aka hana shi harshen da yake iya bayani da shi, abin da ya rage masa shi ne kwafe a allo da sa yara rerawa.

Littattafai kuwa ba daga sifili za a fara ba. Tun shekarun 1930 ake buga littattafan Hausa na makaranta a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, da Hausa aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. A baya-bayan nan, shirin da Amurka ta tallafa a Bauchi da Sakkwato ya samar da littattafan koyon karatu na Hausa na aji 1 zuwa 3 da jagoran malami. Shirin RANA na UNICEF ya yi irin haka a Katsina da Zamfara. A Kano an gwada KaLMA, shirin gaggauta koyon karatu da lissafi, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Kayan suna nan a rubuce, an gwada su a ajujuwa. A Nijar ma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, sai dai irin waɗannan makarantu sun shafe shekaru da dama suna amsa sunan gwaji. Ciwonmu ɗaya ne da su: ana yin abu da kuɗin masu tallafi, ranar da tallafi ya ƙare aiki ya tsaya.

Batun adalci

Ana yawan jefo wannan: "Ku da kuke wannan magana, naku 'ya'yan suna makarantar kuɗi suna Turanci." A duba abin da wancan yaro yake da shi. Ya yi shekara biyu ko uku a nazare kafin aji ɗaya. A gida akwai talabijin da wayar da yake kallon zane mai magana da Turanci. Uwarsa na duba aikin gida, ko a ɗauko mai lasin da yamma. Ajinsu ba su fi 30 ba, kowa da littafinsa. Wannan yaro ya shigo aji ɗaya yana jin harshen koyarwa, wato shi ma da harshen da yake ji ake koyar da shi. Abin da ake nema wa ɗan manomi shi ne wannan dama ɗin dai.

Bankin Duniya ya ƙiyasta a wani rahoto na 2021 cewa kashi 37 cikin 100 na ɗalibai a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ana koyar da su ne da harshen da ba su ji. Ba a raba wannan nauyi daidai ba. Yana sauka ne kan yaran karkara, da 'ya'yan waɗanda ba su yi boko ba, da 'yan mata da ake cirewa da wuri. Uban da ya ga 'yarsa ta yi shekara huɗu tana zuwa makaranta amma ba ta iya karanta masa saƙon waya ba, ba sai an yi masa wa'azin cire ta ba. Wadda ta iya karanta Hausa a aji biyu kuwa, ko aure ya ɗauke ta a aji shida, ta tafi da abin da ba mai ƙwacewa.

Abin da jiha za ta iya yi gobe

Ilimi yana cikin abubuwan da tsarin mulki ya raba tsakanin tarayya da jihohi, kuma hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) da ƙananan hukumomi ne suke riƙe da firamare. Legas ta yi dokarta ta kare Yarabanci a 2018. Don haka kwamishinonin ilimi na Arewa suna da filin motsi, ko da a ce darasin koyon karatu kaɗai za su fara karewa.

A aji 1 zuwa 3, a ware aƙalla awa ɗaya kullum ta karatun Hausa, da safe kafin yunwa da rana su kwashe hankalin yara. A fara da wasulan nan biyar da baƙaƙen da suka fi yawa, irin su n, k, m, s, d, harafi biyu a mako, ta yadda cikin makonnin farko yaro zai karanta kalma ta gaske kamar "nama" ko "kasa". A koyar da sautin harafi. Rera sunayen haruffa daga A zuwa Z da Turanci ba ya sa yaro haɗa kalma. A bar ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y sai an zauna, kuma a tabbata mai buga littafi ya sa musu lanƙwasarsu, domin "kasa" da "ƙasa" ba abu ɗaya ba ne. Turanci ya shigo tun aji ɗaya, rabin awa kullum, da baki: gaisuwa, umarni, waƙa, sunayen abubuwan da ke ajin. Rubutunsa ya biyo baya idan yaro ya fara karanta Hausa ba tuntuɓe. Daga aji huɗu a riƙa shigar da kalmomin Turanci na lissafi da kimiyya kusa da na Hausa, darasi darasi, kada a yi juyin dare ɗaya.

Kowane yaro da littafinsa a hannu. Malami kuma da jagora mai darasin kowace rana a rubuce. Kwamitin masana na duniya da ke tace binciken ilimi, wanda Bankin Duniya da UNICEF suke cikin masu ɗaukar nauyinsa, ya sa wannan tsari cikin 'yan ƙalilan da suka fi biyan kuɗinsu a rahotonsa na 2023, tare da koyar da yaro daidai matakinsa.

Wannan na biyun na yaran aji 4 zuwa 6 ne da aka riga aka wuce da su. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ɓullo da shi, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna shi sau da dama, an kuma gwada shi a Borno da Kano. Malami ya zauna da yaro ɗaya bayan ɗaya, minti biyar, da takarda guda, ya ga inda ya tsaya: bai san harafi ba, ya san harafi, yana karanta kalma, yana karanta sakin layi, ko yana karanta labari. Sai a rusa ajujuwa na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kullum, a zaunar da yara bisa matakinsu ko da ɗan aji shida zai zauna da ɗan aji huɗu. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya wuce ya hau gaba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowane yaro da allonsa, mai babbaƙu daban, mai farfaru daban, kuma malam ba ya cewa a wanke sai an biya masa ya ji.

Wuraren da abin yake lalacewa sanannu ne. Littattafai su iso a kulle su a ofishin hedimasta don tsoron kada su yage kafin zuwan masu duba makaranta. Horo ya sauko daga mai horarwa zuwa mai horarwa, kafin ya kai malamin ƙauye ya koma kwana biyu da kuɗin mota. A horar da malamar aji ɗaya, zango mai zuwa a mayar da ita aji biyar ko wata makarantar. A ɗauka duk mai jin Hausa ya iya rubuta ta, alhali malamai da yawa ba a taɓa koya musu inda ake raba kalma da inda ake haɗawa ba. A buga littafi da Kananci zalla a kai Sakkwato ba tare da an gaya wa malami yadda zai yi da kalmomin da suka bambanta ba. Maganin mafi yawan waɗannan shi ne jami'i mai babur da kuɗin mai, wanda zai shiga ajin kowane malami sau ɗaya a wata, ya zauna daga farkon darasi zuwa ƙarshe, ya zaɓi yara uku da kansa ya sa su karanta, ya gyara wa malami abu ɗaya tak kafin ya tafi.

Idan ma'aikatar tarayya tana da yaƙinin cewa Turanci zalla ya fi, hanyar tabbatarwa a buɗe take kuma ba ta da tsada. A zaɓi makarantu a ƙananan hukumomi biyu ko uku, a raba su biyu ta ƙuri'a, a ba kowane ɓangare littattafai da horo da sa ido iri ɗaya, harshen koyarwa kaɗai ya bambanta. A auna karatun Hausa da na Turanci da lissafi a ƙarshen aji 2 da aji 4 da aji 6, jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato su riƙe alƙaluman, a kuma wallafa duk abin da ya fito.